Wa Ya Taɓa Sa Wa Motarsa Sitabiliza Mai Kauri a Baya?

Abban Khalifa, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Ina da Honda Accord ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD, mai silinda huɗu. Injin lafiya lau. Abin da ke damuna shi ne kwanciyar da take yi a kwana. In na shiga shataletale da ɗan gudu sai ta karkata kamar kwale-kwale, uwargida ta dafe ƙofa tana salati. Wani yaro a gareji ya ce in cire ƙarfen sitabiliza na baya, wato wanda ke rage wa mota kwanciya a kwana, in sa na motar Acura TL, wai yana zama daram ba sai an huda ko'ina ba. Kafin in zuba kuɗina, don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini abin da ya gani. Ba na son "an ce".

Ɗan Gwammaja

Wa alaikumus salam Abban Khalifa. Yaron bai yi maka ƙarya ba, ni na yi wa tawa bara. TL ta 2004 zuwa 2008 da EOD 'yan gida ɗaya ne ta ƙasa, shi ya sa yake shiga. Na samu na Beljiyam a Kofar Ruwa bayan na yi kwana uku ina zarya, don ba motar da ta cika gari ba ce. Da muka auna kauri, nawa na asali milimita 14 ne, wanda na sayo 17. Da na ɗora su gefe da gefe a ƙasa sai da na ji kamar na yi asara, don ido ba ya ganin wani bambancin kirki.

Amma a titi labari ya sha bamban. Kwanar farko da na sha na ji bayan motar yana bin gaban, ba kamar da ba da sai na ƙara murza sitiyari a tsakiyar kwana. Abu ɗaya kawai: ka sayi robar bushin ɗinsa, wadda ke riƙe shi a jikin mota, tare da shi. Ta tsohon ba za ta rufu a kan sabon ba, kuma kada ka yarda wani ya ce zai rarake ta da wuƙa.

Injiniya Bature, Jos

Ɗan Gwammaja, dalilin da ido ya yaudare ka shi ne taurin ƙarfen nan ba da kauri kai tsaye yake tafiya ba. Kaurin ake ninkawa a kansa har sau huɗu. Daga 14 zuwa 17, tauri ya ninka biyu da ɗan ɗoriya. Daga 14 zuwa 20, ya haura ninki huɗu. To ni na 20 ɗin na sa, irin na TL mai giyar hannu, don a lokacin ina ganin in za ka sha giya sha ta dubu.

Aikin ƙarfen mai sauƙi ne. Ya haɗa tayar hagu da ta dama, in mota ta kwanta gefe ɗaya sai ya murɗe ya yi gardama. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa maka shi ne, duk ɓangaren da ka ƙara wa tauri, shi zai fara sakin ƙasa. Kamfani da gangan yake barin baya da laushi, don in direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gaban ne zai miƙe ya ƙi juyawa, kuma yana ɗaga ƙafa daga totur mota ta dawo hanya. Wannan ko ɗan koyo zai yi shi ba tare da tunani ba. In ka taurara baya da yawa, ɗaga ƙafar nan ita za ta jefa ka.

Haka ta faru da ni a Hawan Kibo, ina gangarowa zuwa Akwanga cikin watan Agusta, ana yayyafi. Gudun bai fi kilomita 70 ba. Ina tsakiyar kwana na hango tirela ta cinye rabin hannuna, sai na saki totur gaba ɗaya. Kafin in ce me, bayan motar ya kwaso waje, na ga dutsen gefen hanya ta gilashin gaba maimakon ta taga. Allah ya sa na mayar da sitiyari da wuri ta kama. Na faka na yi minti goma hannuna na rawa a kan cinya. Tawa ba ta da na'urar nan ta VSA mai taka birkin taya ɗaya ta daidaita mota, kuma ina kyautata zaton taka ma ba ta da ita. Washegari na koma 17, kuma tayoyin da suka fi sabunta na mayar da su baya.

Oga Sani Mai Ƙafa

Alhaji Abban Khalifa, ni shekarata 19 a ƙarƙashin mota, aikin ƙafa kawai nake yi. Ka yi haƙuri in tambaye ka: yaushe rabon da a leƙa linkejin sitabilizar da ke jikinta yanzu, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa bakinta da ƙafar mota?

Watan jiya wani maigida ya kawo mini Camry Muscle da sabon ƙarfe a but, har da kwalinsa, ɗansa ya aiko masa daga Amurka. Ina shiga rami na ga linkejin hagu a tsinke yana lilo, kansa har ya yi tsatsa, alamar ya fi shekara a haka. Wato duk tsawon lokacin nan motar ba ta da sitabiliza a baya kwata-kwata, don in gefe ɗaya ya saki, ƙarfen ya zama ado. Shokozoba ɗaya kuma ta yi jagab da mai. Na canza linkej biyu da roba biyu da shokozoba biyu, na ce ya zaga ya dawo kafin mu buɗe kwalin. Ya dawo yana dariya. Kwalin nan har yau yana shagona ana zama a kai.

In kuma dole sai an sa, a ɗaga bayan duka biyu daidai, kada a ɗaga taya ɗaya a yi ta kokawa da noti. Ɗaurin ƙarshe a yi shi mota na zaune a kan tayoyinta. In robar mai tauri ce, irin ja ko rawaya da ke zuwa da na Whiteline da makamantansu, a shafa mata giris ɗinta. In ba haka ba, hunturu na shigowa za ta fara kuka kamar tsohon gado.

Maman Iman, Kano

Ku maza kwana kawai kuke lissafi. Ni ce ke kai yara makaranta a motar da maigidana ya yi wa wannan aikin, kuma layinmu babu kwalta. A kan tudun rage gudu ba na jin komai in na hau shi a miƙe. Amma taya ɗaya na faɗawa rami, sai duk motar ta girgiza gefe da gefe, kan ƙaramar ya bugi gilashi. Da ba haka take ba. Shi yana yaba ta a hanyar Zariya, ni ina fama da ita a Rijiyar Zaki.

Injiniya Bature, Jos

Hajiya, gaskiyarki. In tayoyin biyu suka hau tare ƙarfen ba ya murɗewa, juyawa kawai yake yi a cikin robarsa. In ɗaya ce ta faɗa, sai ya jawo 'yar uwarta. Ki ce wa maigida ya auna nasa, ina zargin mai kaurin ya sa.

Ɗan Katako, Maraɗi

Ina yi wa kowa sallama. Ni nawa gargaɗin a kan walda ne. Ina da tsohuwar Civic, na samu ƙarfe mai kauri na wata mota daban, bai zauna ba. Mai walda ya ce ba komai, ya hura masa wuta ya yi ja, ya lanƙwasa shi. Ashe ƙarfen irin na sifirin ne, wuta na kashe shi. Wata biyu ya tsage daidai inda aka gasa. Kafin ya tsage kuma ya riga ya yage kunnen da yake ɗaure a jikin motar, don falankin wurin siriri ne, ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Kuɗin gyaran ya fi kuɗin ƙarfen.

Sannan masu loda buhuna a but su sani, wannan ba ya hana bayan mota zama ƙasa. Aikin sifirin ne wancan.

Abban Khalifa, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Oga Sani, kamar kana wurin. Jiya na sa aka shiga ƙarƙashinta a gabana. Linkej bai tsinke ba, amma robar dama ta cinye har yatsana yana shiga tsakaninta da ƙarfen. An canza duka, kuma kwanciyar ta ragu sosai, sai dai ba ta tafi gaba ɗaya ba.

Na ba wani yaro a Panteka sautun na 17, na ce ya zo da robarsa. Na 20 kam Injiniya ya riga ya cire mini sha'awarsa, don uwargida ma tana tuƙa motar. Hajiya Maman Iman, layinmu ma gargada ce, don haka tsohon ƙarfen ba zan bar wa 'yan gwangwan ba, zan jingine shi a bayan ƙofa. Ɗan Gwammaja, linkej ɗin EOD ka bari a kai ko shi ma na TL ka sa?