Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Centralisation" a Harkar Lambar Shaida?

Jama'a, wannan kalma ta daɗe tana ba masu fassara wahala, musamman idan ana batun gwamnati ta mayar da bayar da lambar shaida hannun hukuma guda domin toshe hanyar zamba. Shawarata ita ce mu ce cibiyantarwa, aikatau ɗinta kuma "cibiyantar da". Ga dalilaina.

Sai mun fahimci abin kafin mu raɗa masa suna. A Amurka an fara bayar da lambar inshorar jama'a mai alƙaluma 9 a 1936, kuma shekaru da dama ofisoshin yankuna ne ke bayar da ita, kowanne daga kason lambobin da aka ware masa. A irin wannan tsari, ma'aikaci yana duba takardar da ke gabansa ne kawai, ya ɗauko lamba ta gaba ya rubuta, ba shi da hanyar sanin cewa mutumin da ke tsaye a gaban teburinsa ya riga ya karɓi wata a wani gari da wani suna. A farkon shekarun 1970 aka mayar da aikin hedikwatar hukumar inshorar jama'a da ke birnin Baltimore. Indiya kuwa, da ta kafa hukumar bayar da lambar shaida mai suna UIDAI a 2009, ta ɗora lambar Aadhaar mai alƙaluma 12 a kan tsarin hukuma guda tun daga tushe: mutum zai ɗora yatsunsa goma a kan gilashin na'ura, a ɗauki hoton ƙwayar idonsa, a aika rumbun bayanai guda, a gwada da na duk waɗanda suka riga shi, sannan lamba ta fito. Hukumar NIMC ta Najeriya ma, wadda aka kafa a 2007, a rumbun bayanai guda take tantancewa kafin ta fitar da lambar NIN mai alƙaluma 11.

Abin lura shi ne wuraren rajista suna nan birjik, ba a rufe su ba. Abin da ya koma wuri guda shi ne ikon ƙirƙiro lambar da kuma rumbun da ake tantancewa a cikinsa. Duk kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki wannan ma'ana.

Shi ya sa "tattarawa" ba ta gamsar da ni ba, duk da cewa ita ce ta fi saurin zuwa baki. Mai sauraron rediyo da ya ji an ce an tattara bayar da lamba wuri guda zai ɗauka sai ya yi tattaki zuwa babban birni kafin a yi masa rajista, kuma wannan rashin fahimta kaɗai ya isa ya hana talaka fitowa. "Dunƙulewa" ta fi dacewa da haɗe hukumomi biyu ko uku su zama ɗaya. "Bai ɗaya" kuwa, wadda muka saba ji a "asusun bai ɗaya", tana da ƙarfi, amma a nan tana iya nufin kowa yana bin ƙa'ida iri guda, alhali ofisoshi ɗari za su iya bin ƙa'ida guda kuma mazambaci ya karɓi lamba biyu. "Tsakaitawa" ba ta shigo ba sam, domin ma'anarta daidaitawa ce.

Cibiyantarwa ta bi ƙirar da harshen ya riga ya amince da ita: zamani ya ba mu zamanantar da, siyasa ta ba mu siyasantar da, ilimi ya ba mu ilimantar da. Cibiya kuma ta daɗe da zama sunan wurin da ayyuka ke komawa, kamar cibiyar bincike. Wani malami ya ce mini kalmar ta yi nauyi a baki, kuma na yarda da shi, sai dai zamanantarwa ma ba ta fi ta sauƙi ba, ga shi yau ba wanda yake tuntuɓe da ita.

A labari sai a rubuta: "Gwamnati ta cibiyantar da bayar da lambar shaida domin daƙile rajista sau biyu." A karon farko a biyo da bayanin cewa hukuma guda ce za ta riƙa fitar da lambar, rajista kuwa a ko'ina za a iya yi.