Neman shawara: Zan tafi karatu Glasgow, an ce kada in kira mutanen can "English"

Ɗalibi daga Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Allah Ya nufa na samu gurbin digiri na biyu a Glasgow, watan Satumba zan tashi in sha Allahu. Wani malaminmu da ya yi karatu a can ya ja min kunne, wai kada in kuskura in ce wa mutanen garin "English", ran wasu ɓaci yake. To ni a sanina Ingila ce Birtaniya, kuma duk Turanci ɗaya suke yi. Don Allah masu sani, me zan kira su?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka, ƙanena. Malaminka ya yi maka gata, domin Glasgow ba a Ingila take ba, a Sikotlan take. Ƙasar da muke ce wa Birtaniya yanki huɗu ce a ƙarƙashin sarauta ɗaya: Ingila mai hedikwata a Landan, Sikotlan a Edinburgh, Wales a Cardiff, sai Ayalan ta Arewa a Belfast. "English" ɗan Ingila ne kaɗai. "British" kuwa ya haɗa ɗan Ingila da ɗan Sikotlan da ɗan Wales, shi ne ma abin da ke rubuce a fasfonsu. Ka ga kamar baƙo ya sauka Maiduguri ya ce wa Babarbare Bahaushe saboda ya ji yana Hausa. Ba zagi ba ne, amma gyara zai sha.

Kuma abin yana da tushe. Sikotlan ƙasa ce mai majalisarta da dokokinta kafin a haɗe ta da Ingila a 1707, har yau tsarin shari'arta da na makarantunta daban suke. A 2014 an yi ƙuri'ar raba gardama kan ɓallewa, kusan kashi 45 cikin ɗari suka ce a rabu, kuma a Glasgow ɗin da za ka masu son ɓallewar ne suka yi rinjaye. Saboda haka ko "British" ɗin ba kowa zai yi maraba da shi ba. Ka ce "Scottish", ka huta.

Sarkin Ƙwallo: Yaya, ai ƙwallo ma ta isa ta koya maka. A gasar cin kofin duniya babu wata tawagar Birtaniya, kowane yanki da tasa. Alex Ferguson ɗan Glasgow ne duk da shekarun da ya kwashe a Manchester United, Gareth Bale kuma Wales ya buga wa. Ni shawarata ɗaya: ranar da Ingila ke wasa, kada ka fito da rigarsu.

Maman Hanifa: Mu nan muke zaune da yara. Ɗana, kada ka sa wa ranka fargaba, mutane ne masu fara'a da son hira, dariya za su yi su gyara maka. Abin da zai fi ba ka wuya shi ne kunne. Turancin direban bas a nan, makonnin farko sai ka rantse wani yare ne, ka riƙa cewa a maimaita ba kunya. Sannan takardun fam ɗin da bankunan Sikotlan ke bugawa zanensu daban ne da na Ingila, wasu masu shaguna a Landan sai sun jujjuya su, wani ma ya ƙi karɓa. In za ka gangara kudu ka yi amfani da kati.

In ka haɗu da ɗan Ayalan ta Arewa kuwa, bar shi ya faɗi abin da yake da bakinsa. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 da ta kawo ƙarshen rikicin yankin ta ba su damar zama "Irish" ko "British" ko duka biyun, kuma an zubar da jini a kan wannan magana.

Ɗan Maraɗi: Allah Ya ba da sa'a. Mu a nan in ka ce Turanci kawai, wani zai tambaye ka wanne, na Faransa ko na Ingilishi, tunda Baturen da ya mulke mu daban ne da naku.

Ɗalibi daga Zariya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mama, don Allah batun sanyi fa, in sayi rigar a Kano ko in bari sai na iso?

Maman Hanifa: Bari sai ka iso. Ruwan sama ne matsalar garin nan, ta Kantin Kwari ba za ta riƙe shi ba.