Dokar wiwi a Ghana: shawarwarin da aka tashi da su a majalisa

Musu ya yi zafi ranar Juma'a a majalisarmu ta zango a Kumasi, bayan wani matashi ya rantse cewa an halasta shan wiwi. Dattawa suka ce masa ya yi hankali. Abin da dokar Ghana ta 2020 kan miyagun ƙwayoyi ta yarda da shi kawai noman irin wiwin da sinadarin THC ɗinsa, wato mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don magani da masana'antu, kuma sai da lasisi. Kotun ƙoli ma ta soke wannan sashen a 2022, majalisar dokoki ta dawo da shi a 2023.

Shawarar da ta fi nauyi ta iyaye ce: wanda aka kama da ɗan ƙulli na shansa, yanzu tara ake ci, amma tarar ba ta raba yaro da hayaƙin. A kai shi asibiti tun idonsa bai fara ja kullum ba, kada a ɗaure shi da mari a ɗaki. Ni ma nan na tsaya.

Manoma kuwa, aka ce kada kowa ya taɓa iri sai takardar lasisi ta shiga hannunsa.