Kwana 90 a shekara: majalisarmu na aiki ko hutu take?

Direba, Kuseri: Jama'a, assalamu alaikum. Maganata ɗaya ce: majalisar da ke zama wata uku a shekara ba ta isa ta wakilce mu ba. Tsarin mulkinmu na Kamaru ya ba 'yan majalisar ƙasa da ke Yawunde zama uku kacal, Maris da Yuni da Nuwamba, kowanne bai wuce kwana 30 ba. Ambaliyar 2024 da ta cinye gidaje a Yagwa da nan wajenmu, yaushe ta zo? Bayan an rufe zaman Yuni, na Nuwamba kuma da saura. Ruwa na cin mutane, zaure a kulle. A yi mana irin na Najeriya, inda doka ta wajabta wa majalisar kowace jiha zaman kwana 181 a shekara.

Malamin makaranta, Garwa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, na ji zafinka, amma ban yarda ba. Rufe zama ba rufe aiki ba ne. Lokacin ne ya kamata ɗan majalisa ya bar Yawunde ya zo mazaɓarsa ya ga gadar da ta karye da idonsa. In ka riƙe shi a can rabin shekara, yaushe za mu gan shi? Kuma dubi jihar Teksas ta Amurka: majalisarta sau ɗaya take zaman dole a shekara biyu, kwana 140, jihar kuwa ba ta tsaya ba.

Hajiya 'yar kasuwa, Garwa: Malam, ni ina zirga-zirgar Yola, kuma gaskiya kwana 181 ɗin nan bai ruɗe ni ba. Ana iya shiga zaure a yi addu'a, a karanta abin da aka tattauna jiya, wani ya nemi a ɗage zama, wani ya mara masa baya, shi ke nan an ƙirga kwana ɗaya. Ku tuna jihar Ribas a Maris 2025. Ana cikin rikicin kasafin kuɗi da Gwamna Fubara majalisa ta ɗage zamanta ba ranar dawowa, ranar 18 ga watan kuma Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci ya dakatar da su duka. Yawan kwanaki bai hana ba.

Direba, Kuseri: To Hajiya, sai mu naɗe hannu ke nan?

Ɗalibar shari'a, Ngaundare: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama. A ganina ana ta ƙirga kwanaki an bar inda gizo ke saƙa. Wa ke da ikon dawo da majalisa in an rufe? A nan Kamaru akwai zama na musamman, wanda bai wuce kwana 15 ba, kan batun da aka ƙayyade tun kafin a shiga. Hanya biyu ce ake kiransa: ko shugaban ƙasa ya nema, ko kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa. Cikin 'yan majalisa 180, ana bukatar 60 ke nan. A zaɓen 2020 jam'iyyar RDPC mai mulki ta kwashe kujera 152. Ko duk sauran jam'iyyu sun haɗa kai, 28 ne. Ba su da hanyar buɗe ƙofar, komai girman bala'in.

Teksas ɗin da Malam ya kawo ma, gwamna kaɗai ke kiran zama na musamman, shi ke faɗin abin da za a tattauna, kuma kwana 30 ne iyakarsa. Saboda haka ni ba zan ɗauke ta abin koyi ba. Abin da ya burge ni a dokokin Amurka wani ne daban: a majalisar tarayyarsu, da jihohi da dama har Teksas, da yake majalisar zaure biyu gare ta, zaure ɗaya ba zai ɗage zama fiye da kwana uku ba sai ɗayan ya amince. An yi haka ne don kada ɓangare ɗaya ya tattara ya tafi ya bar doka a rataye.

Baba Alhaji, Marwa: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma kada ki manta, in an sauƙaƙa wa marasa rinjaye su ma suna iya ɓarna. Ba a Teksas ɗin ba ne a 2021 'yan adawa suka bar jihar suka tafi Washinton don kada adadin masu zama ya cika?

Ɗalibar shari'a, Ngaundare: Haka ne, Baba, don can sai kashi biyu bisa uku sun halarta zama ke halatta. A jihar Oregon ta Amurka ma an sha irin wannan ƙauracewa, har a 2022 masu zaɓe suka amince cewa wanda ya yi fashin zama goma ba izini ba zai sake komawa kujerar a wa'adi na gaba ba. Sai dai ikon hana zama daban, ikon kiran zama daban. Na biyun nake nema mana.

Malamin makaranta, Garwa: Ko an kira su, me zai canza? Agajin ambaliya aikin gwamnati ne, hannun gwamna da ministoci yake bi. Ga kuma majalisun yankuna da aka fara zaɓa a Disamba 2020, mai mutum 90 kowace, 20 daga ciki sarakunan gargajiya. Su ne kusa da ruwan. Su ya kamata mu matsa wa, a Marwa da Garwa, ba sai Yawunde ba.

Hajiya 'yar kasuwa, Garwa: Malam, minista ba ya amsa tambaya a gaban majalisar yanki. A Yawunde ake tsayar da shi ya faɗi inda kuɗin gyaran madatsar ruwa ya shiga, kuma can ake amincewa da kasafi. In sai Nuwamba za a tambaye shi, gero ya riga ya ruɓe a gona.

Direba, Kuseri: Ni dai ban janye batun kwanaki ba, 90 sun yi kaɗan. Amma ƙanwata, in za a rage adadin masu kiran zaman, nawa kike ganin ya dace?

Ɗalibar shari'a, Ngaundare: Ko an raba 60 ɗin biyu, 30 ne, Yaya, 'yan adawa ba su kai ba. Sai dai a rubuta cewa duk lokacin da bala'i ya auka wa wani yanki, sa hannun 'yan majalisar wannan yankin ya isa a buɗe zaure.

Baba Alhaji, Marwa: Wannan kuwa sai an taɓa tsarin mulki, 'yata, kuma masu rinjayen nan su ne za su kaɗa ƙuri'ar gyaran.