Na tsinci 'yar kyanwa a Istanbul, saura wata biyar in dawo Zariya

'Yar Tudun Jukun: Assalamu alaikum Zage-zagi, musamman likitocin dabbobinmu na Samaru. Karatu nake a Istanbul. Shekaranjiya da magariba na tarar da 'yar kyanwa a ƙarƙashin matakalar gidan da muke haya, ta jiƙe sharkaf tana rawar ɗari, ido ɗaya ya manne da kwantsa. Na jira uwar har washegari, shiru. Na ɗora ta a sikelin kicin, giram 600, haƙora sun fito. Madarar shanu ta kwali na ba ta, yanzu ga gudawa. Riƙo kawai nake son yi ta murmure, don saura wata biyar in gama in dawo gida. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da ita idan tafiya ta zo?

Likitan Dabbobi, Samaru: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya saka. Ki dakatar da madarar nan yau. Hanjin kyanwa ba ya iya narkar da yawan sukarin da ke cikin madarar shanu, shi ke jawo ruwa cikin hanji ya zama gudawa, kuma mai giram 600 ba ta da ruwan jikin da za ta yi asara. Da wannan nauyi da haƙoran, ba za ta wuce sati shida ba, ta isa cin abinci. Ki sayi jiƙaƙƙen abincin 'ya'yan kyanwa, na gwangwani ko na leda, ki dama da ruwan ɗumi ya yi kaurin kunu, cokali ɗaya zuwa biyu, sau huɗu ko biyar a rana. Amma kafin abinci ki taɓa kunnenta da tafin ƙafarta. In sun yi sanyi, ɗumama ta tukuna: gorar ruwan ɗumi a cikin safa, a gefe guda na kwali, yadda in zafi ya ishe ta za ta matsa. Cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da komai.

Ki riƙa auna ta kullum a lokaci guda kina rubutawa. Ƙarin giram 10 zuwa 15 a rana ake so. In kwana biyu suka wuce ba ƙari, ko ta ƙi abinci yini guda, ko kika ɗaga leɓenta kika ga dasashi ya yi fari ko yana danƙo, asibiti a ranar, ba gobe ba. Ido kuma, ruwan da aka tafasa ya huce da auduga, kowane ido da tasa audugar. Idan kwantsar ruwan ɗorawa ce ga atishawa da majina, murar kyanwoyi ce, sai likita ya gani.

Ɗan Gyallesu: Ƙari a kan bayanin Dakta, ga abin da ya fi kashe su a hannun masu kyakkyawar niyya. Farasitamol, ko ɓarin ƙwaya, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, yana lalata jininta. Maganin ƙuma na karnuka, ki duba jikin kwalin, in kin ga an rubuta permethrin ki ajiye, karkarwa da farfaɗiya yake sa su. Kada ki wanke wurinta da Dettol, tana takawa tana lashewa. Miyarmu ma a'a, saboda albasa da tafarnuwa. Ƙuma kuwa, ki taje ta da mataji mai ƙananan haƙora a kan farin tishu mai laima. In baƙin garin da ya zubo ya rine ja, kashin ƙuma ne, jininta suke sha. Likita ne zai zaɓi magani gwargwadon nauyinta.

Anti Nas, Sabon Gari: 'Yata, nawa ta ɓangaren lafiyarku ne. Sati biyun farko a ɗaki ɗaya ko banɗaki, ban da kan gado. Ki duba fatarta, in akwai wuri zagaye da gashi ya zube, makero ne, kuma yana kama mutum. Tiren yashinta a kwashe kullum a wanke hannu da sabulu, mai juna biyu kada ta kwashe. In ta cije ki ko ta yage ki har jini ya fito, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, ki wuce asibiti ki ce kyanwar titi ce. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba.

Likitan Dabbobi, Samaru: Gaskiyar Anti. Maganin tsutsar ciki za a fara a ganin farko, a maimaita bayan sati biyu. Allurar rigakafin farko tsakanin sati 6 zuwa 8, idan gudawar ta tsaya, a ci gaba duk sati uku zuwa huɗu har ta kai sati 16. Ta haukan kare a sati 12. Ki tambayi asibitin dabbobi na belediye, wato ƙaramar hukumar unguwarku, suna duba dabbobin titi kyauta kuma suna yi musu aikin hana haihuwa. Wannan aikin kada ki bari ta wuce wata biyar da haihuwa ba a yi shi ba, don mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, bayan kwana 63 zuwa 65 kuma sai ki ga riƙon ɗaya ya zama na biyar.

Malam na Ƙofar Doka: Ni a ganina ki taho da ita. Wadda kika raina a ɗaki ba ta san neman abinci a bola ba, mayar da ita titi zalunci ne. Kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. A Samaru akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU, kulawa ba za ta gagara ba.

Ɗan Gyallesu: Malam, kan batun titi muna tare, amma tahowa da ita ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an saka mata ɗan cif mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar shaida mai lambobi 15, kuma a saka shi kafin allurar haukan kare don lambar ta hau katin rigakafinta. Sai takardar lafiya daga likitan gwamnati dab da tafiya, sai izinin shigo da dabba daga hukumomin Najeriya tun kafin a taso, ga jami'an killace dabbobi a filin jirgi. Cikin jirgi kuma yawanci kilo 8 ne iyaka har da jakarta, kuma sai an kama mata gurbi tun wuri. Bayan an sauka Abuja ga hanyar Kaduna a mota cikin zafi. Sannan mutan gida sun yarda? Gidan da ake kiwon tattabaru da 'yan tsaki ba kowa zai yi maraba da ita ba. Ƙanwata, ki fara neman mai karɓa a can tun wannan satin, lokacin da take ƙarama, an fi rububinsu. Hoto mai haske, katin rigakafi a hannu, kuma ki je ki ga gidan da idonki, ki duba ko tagoginsu na da raga in bene ne.

'Yar Tudun Jukun: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na daina madarar, ta cinye cokali biyu yanzun nan. Gobe da safe zan kai ta belediye. Dakta, yashin shago mai dunƙulewa na sayo, ya yi?

Likitan Dabbobi, Samaru: Ki ajiye shi sai ta kai wata uku ko huɗu. Ƙanana suna ɗanɗanawa, ya kumbura ya toshe hanji. Ki nemo marar dunƙulewa, na takarda ko na katako, zurfin yatsa biyu a tire mai gajeren baki, nesa da kwanon abincinta. Duk bayan ta ci ki ɗora ta a kai.