Wace na'urar gano ƙarfe ce ta fi kai wa zurfi a tsohon fagen fama?

Baƙon Lesta:
Assalamu alaikum dattawa da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan na'urar gano ƙarfe da za ta fi wadda nake da ita kai wa zurfi. Shekara uku ke nan ina fita da wata tsohuwar na'ura mai zango ɗaya (wato mitar igiya guda kawai take aikawa), kuma a bana wani manomi a Northamptonshire, a tsakiyar Ingila, ya ba ni izini a rubuce in bincika gonakinsa biyu bayan girbi. Gonakin suna arewa da Naseby, inda dakarun Sarki Charles na ɗaya suka gwabza da na majalisa ranar 14 ga Yuni 1645, amma suna wajen iyakar filin da hukuma ta yi wa rajista, ta wajen da mayaƙan sarki suka bi da gudu zuwa birnin Lesta (Leicester). Na fita sau huɗu, na samo harsasan dalma bakwai da murfin dalma guda na kurtun albarushi, kuma babu wanda ya wuce zurfin taƙi guda. Zuciyata tana raya mini cewa akwai wasu a ƙasa da na'urata ba ta jin su. Wani abokin aikina ya ce in sayi na'urar GPX 5000 in huta, amma kuɗinta ba na wasa ba ne, shi ya sa na ce bari in ji daga waɗanda suka riga ni.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a ambaci sunan kowace na'ura, ya kamata ka san cewa iri biyu ne a kasuwa, kuma kowanne da ƙasar da ta dace da shi. Na farko shi ne VLF, wanda yake aika igiyar maganaɗisu ba yankewa, ya auna yadda ƙarfen da ke ƙasa ya mayar da ita, ta haka yake iya gaya maka ko dalma ce ko tagulla ko tsohuwar ƙusa. Na biyu shi ne PI, irin su GPX ɗin da abokinka ya ambata, wanda yake sakin bugu mai ƙarfi ya yi shiru, sannan ya saurari amsar da ke mutuwa a hankali daga jikin ƙarfen. Amsar ƙasa tana saurin mutuwa, ta ƙarfe tana ɗan jinkiri, shi ya sa PI yake ratsa ƙasa mai yawan tama inda VLF yake ruɗewa. Abin da za ka biya a madadin wannan shi ne tantancewa: PI ba ya nuna maka lamba a allo, kuma idan abu ya yi zurfi da wuya ya raba maka ƙusa da harsashi.

A ƙasa mai sauƙin ma'adinai, irin yawancin gonakin tsakiyar Ingila, na'urar VLF ta zamani da faifai (kan na'urar da ake shafar ƙasa da shi) mai inci 11 tana jin abu mai girman tsabar kuɗi har kusan santimita 25 zuwa 30 idan komai ya daidaita. Harsashin bindigar musket na wancan zamani dunƙule ne mai nauyi, guda 12 ke cika laba ɗaya ta dalma, don haka bai kamata ya ɓoye wa na'ura mai kyau ba. Na ƙaramar bindigar mahaya dawaki ne ya fi ƙanƙanta, kuma tunda a hanyar gudu kake, ina kyautata zaton irinsa za ka fi cin karo da shi.

Dattijon Bajiniya:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bari in kare PI kaɗan, domin da ita nake aiki. Ni a gundumar Culpeper nake fita, a jihar Bajiniya (Virginia) ta Amurka, wurin da aka yi karon dawakai na Brandy Station a yaƙin basasar Amurka ranar 9 ga Yuni 1863, kuma rundunar Arewa ta yi sansanin hunturu a can daga ƙarshen 1863 zuwa farkon 1864. Ƙasar wurin ja ce jawur, cike da ƙarfe, duk wanda ya san jangargarin gida zai gane ta da ido. Na zo da na'urar VLF da nake alfahari da ita, sai ta koma nuna mini harsashin dalma a matsayin baƙin ƙarfe tun bai kai zurfin tafin hannu ba, wanda ya fi haka zurfi kuwa ko ƙara ba ta yi. Ranar da wani dattijo ya ara mini GPX 4500, a layin da na riga na bi na tono harsasai masu zobe uku, irin na inci 0.58 da sojojin Arewa suka fi amfani da su, daga zurfin da sai na durƙusa na zura hannu har gwiwar hannu.

Sai dai, yaro, ka ji sauran labarin. Na'urar tana da nauyi, batirinta a baya ake goya shi da ɗamara, waya tana bin ka, kuma idan akwai turakun lantarki kusa sai ka ɓata lokaci kana neman zangon da ba ya hayaniya. A wuni guda ina iya haƙa rami arba'in, fiye da rabinsu ƙusoshi ne da guntayen takalmin doki. A sansani wannan wahala tana biya, saboda sojoji sun haƙa bukkoki da ramukan shara, kayan suna can ƙasa da inda garma take kaiwa. Kai kuwa ba sansani gare ka ba, filin gudu ne na 'yan awoyi, kuma ƙasarka ba irin tawa ba ce. Da ni ne a Northamptonshire, ba zan goya wannan kaya ba.

Kuma ga masu karatu daga Amurka: duk abin da na faɗa a gonakin mutane ne da izininsu. Filayen gwamnatin tarayya irin su fagen fama na Gettysburg haramun ne a shiga da na'ura, kuma dokar kare kayan tarihi ta 1979 tana iya kai mutum gidan yari.

Malama mai nazarin kayan tarihi:
Malam Baƙon Lesta, ina ganin ba zurfi ne matsalarka ba. Abin da ya faɗi a fagen fama a saman ƙasa ya faɗi, babu wanda ya binne shi. A gonar da ake nomawa, garma ce take jujjuya shi shekara da shekaru a cikin santimita 25 zuwa 30 na sama, bana ta nutsar da shi, baɗi ta ɗago shi. Saboda haka wanda ya koma gona ɗaya bayan kowane huɗa yakan sami sabon abu da na'urar da ya bi wurin da ita bara. Abin da ke ƙasa da inda garma take tsayawa kuwa yana kwance ne yadda tarihi ya bar shi, kuma ƙa'idar aiki da masu wannan sha'awa suka amince da ita a Ingila da Wales ta ce kada a haƙa a wuce ƙasar noma.

Ka dubi abin da ya faru a fagen fama na Bosworth a Ingila. An daɗe ana nuna wa baƙi tudun Ambion a matsayin wurin da aka kashe Sarki Richard na uku ranar 22 ga Agusta 1485. Binciken da masanin kayan tarihi Glenn Foard ya jagoranta daga 2005 ne ya gano cewa ainihin filin yana wajen kilomita 3 kudu maso yamma da tudun, kuma abin da ya tabbatar da haka shi ne harsasan dalma na igwa sama da 30 da wata 'yar alama ta azurfa mai siffar gursunu, tambarin sarkin. Masu na'ura ne suka samo su, suna tafiya a layuka da aka auna, ana rubuta wurin kowane abu. Haka aka yi a Little Bighorn a Amurka a 1984, bayan gobarar daji ta share ciyawar filin: kwanson harsasai da aka rubuta wurarensu ne suka nuna yadda mayaƙa suka riƙa matsawa a yaƙin 1876. Harsashi bakwai ɗinka, idan ka san inda kowanne ya fito, shaida ne a kan hanyar da aka bi. Idan ka zuba su a gwangwani ɗaya, dalma ce kawai.

Shawarata ita ce ka ware wani abu daga kuɗin ka tanadi hanyar ɗaukar lambobin GPS na kowane abu, da ƙananan ledoji da alƙalamin da ba ya gogewa, da sikeli mai auna giram, domin nauyin harsashi ne yake nuna irin bindigar da aka yi shi dominta. Kada ka goge farin da ke jikin dalmar. Ka kai abin da ka samu wurin jami'in shirin Portable Antiquities Scheme na gundumarku, shirin rubuta kayan tarihin da jama'a suka tsinta, wanda aka fara a 1997. Idan kuma ka ci karo da abin da dokar taska ta 1996 ta shafa, misali tsohuwar azurfa ko zinariya da ta haura shekara 300, kwana 14 gare ka ka sanar.

Mai shagon waya:
Allah ya saka wa Malama. Tunda dai sai an ambaci suna, ni Equinox 800 nake riƙe da ita tun shekarar da ta biyo bayan fitowarta a 2018. Tana aiki da zanguna da yawa a lokaci guda, kuma ana iya tsayar da ita a kan guda ɗaya, kamar kilohaz 5 ko 15 ko 40. Na sayi babban faifai mai inci 15 da 12, kuma gaskiya a fili mai tsabta yana ƙara ɗan zurfi a kan manyan abubuwa, yana kuma cin fili da sauri. Amma kusa da tsohon gida ko ƙofar gona, inda ƙusoshi suka yi yawa, babban faifai yana haɗa abu uku a ƙarƙashinsa a lokaci guda, ƙarar ƙarfe ta danne ta dalma. A irin wannan wuri da ƙaramin faifai na fi samu. Ina zargin wasu daga cikin harsasan da kake jin suna can ƙasa, a sama suke, ƙusa ce ta tsaya a gefensu.

Hajiya 'yar Faransa:
Ni Deus II ta kamfanin XP nake ba da shawara, ba don an yi ta a nan Faransa ba. Ba ta da waya tsakanin faifai da allo da abin kunne, nauyinta bai kai na sauran ba, kuma tana da saurin sakin ƙarar abu ɗaya ta kama ta na kusa da shi, wanda shi ne maganin abin da Mai shagon waya ya kwatanta. Wanda zai yi awa shida yana lilo da hannu ɗaya zai san amfanin rashin nauyi, domin da zarar kafaɗa ta gaji faifai yana tashi daga ƙasa, kuma kowace santimita da ya tashi, daga zurfinka aka cire ta. Idan aljihu bai kai ba, Nokta Legend ta Turkiyya ma tana da zanguna da yawa a kuɗi mai sauƙi.

Ɗan Agadas:
Ranku ya daɗe, ni ban san yaƙin Turawa ba, amma na san GPX, domin tun da aka buɗe zinariyar Djado, a arewacin Nijar, a 2014 babu sunan da ya fi shi yawo a bakin masu zuwa daji, kamar yadda ya yi a Sudan kafin nan. Abin da zan ƙara shi ne jabu. Wani ɗan'uwana ya sayi guda a hannun wani dillali a rabin kuɗi, kwali da rubutu da komai daidai, amma da aka binne ƙarfe aka gwada, ba ta kai ko na'urar yara ba. Duk wadda za ka saya, sabuwa ko ta hannu, ka saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ko ka tabbatar da lambar jikinta kafin kuɗi su bar hannunka.

Baba na Beljiyam:
Ku yi mini uzuri in sa baki, saboda na ga ana ta maganar zurfi, kuma wata rana wani zai ɗauki shawarar nan ya tsallako da ita nan. Filin 1645 daban yake da filin 1917 na yaƙin duniya na farko. A kewayen garin Ypres a nan Beljiyam har yau manoma suna tono harsasan igwa da ba su fashe ba, suna ajiye su a bakin hanya sojojin kwance bam na DOVO su zo su kwashe, kuma wasunsu gubar gas ce a ciki. A irin wannan ƙasa, babbar ƙara daga zurfi dalili ne na ja da baya. A yankin Flanders na Beljiyam tun 2016 sai da lasisi ake neman kayan tarihi da na'ura, kuma ba a yarda a haƙa a wuce santimita 30 ba. A Faransa ma dokar 1989 ta ce sai da izinin hukuma. Ga kuma gawarwakin sojoji da har yanzu suke kwance a filayen. Wanda ya ga ƙashi ya tsaya, ya kira 'yan sanda.

Baƙon Lesta:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na fasa GPX. Zan je shagon da ke barin mutum ya riƙe na'ura ya gwada, in ɗaga Deus II da Equinox in ji wadda kafaɗata ta yarda da ita, kuma na riga na koma kan hotunan wayata na gano wuraren harsasai biyar daga cikin bakwai. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya: yaya zan tabbatar sabuwar ta fi tsohuwar a gonar nan, ba a bakin mai shago ba?

Injiniya:
Gwajin iska, wato kaɗa tsaba a gaban faifai, ba ya gaya maka komai game da ƙasarka. Ka nemi izinin manomin ka haƙa rami a gefen gona inda ka tabbatar babu ƙarfe, ka huda bangon ramin daga gefe a zurfin santimita 15 da 20 da 25 da 30, ka tura dunƙulen dalma irin na masu kamun kifi, mai nauyin harsashinka, cikin kowane huji, yadda ƙasar da ke samansa ba a taɓa ta ba. Ka daidaita kowace na'ura da ƙasar wurin kafin ka fara, ka bi da tsohuwar, ka bi da sabuwar, a hankali, faifai yana shafar ƙasa. Sannan ka sa tsatsattsiyar ƙusa kusa da na santimita 15 ka sake bi. Ka yi gwajin sau biyu, sau ɗaya ƙasa a bushe, sau ɗaya bayan ruwan sama, ka rubuta abin da kowace ta ji, ka kawo mana sakamakon kafin manomin ya yi shuka.