Gidan kakanmu a Balad: kowace takarda da abin da take faɗa, wa zan nema izinin gyara?

Jikar Mai Siriya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun bayan Babbar Sallah, ko Allah zai sa a dace da wanda ya san kanta.

Kakanmu, Allah ya jiƙansa, ya taso daga Kano ta Sudan, ya haye teku daga Sawakin don aikin Hajji, bai koma ba. Da kuɗin tsire, wanda mutanen nan ke kira siriya, ya sayi tsohon gida mai hawa uku a Balad, wato tsohon garin Jidda a Saudiyya, wajen Bab Sharif, lokacin da masu hali suka fara barin tsohon gari suna komawa arewa. Ginin dutsen teku ne, mangabi, da roshan biyu, wato tagogin katako masu turowa waje, masu kallon lungu. Yanzu mu magada goma sha ɗaya ne, ni aka ɗora wa kayan wai don ni malamar makaranta ce, sai ka ce koyar da lissafi a Makka shi ne sanin gini.

Shekara shida ba kowa a ciki. Bangon kudu ya yi ciki, shafen yana zubowa ɓawo-ɓawo, ƙasan gidan kuma warin danshi kamar rijiya. Kawuna ya taɓa sa aka shafe ƙasan bangon da siminti, abin mamaki nan ne ya fi lalacewa.

Ga inda kaina ya ɗaure. Sakkin gidan, wato takardar mallaka, na takarda ne rubutun hannu, ya ce unguwar Haratul Yaman. Unwanul wadani, wato adireshin hukuma, da na ciro a waya ya ce Hayyul Balad, da lambar gidan waya mai farawa da 22. Tsofaffin wasiƙun Baba kuma lambarsu da 21 take farawa. Wani ɗan kwangila ya duba ya ce tunda lambar ta canza, an fitar da mu daga yankin tarihi ke nan, in ba shi kafin alƙalami ya fara aiki ranar Asabar. Gaskiya ne? A baladiyya, wato hukumar gari, zan nemi izini ko a ina?

Ɗan Hindawiyya:

Wa alaikumus salam Yaya. Kar ki ba mutumin nan ko halala ɗaya. Na yi shekaru ina aikin kai saƙo a kudancin Jidda, lambar gidan waya ba ta da abin faɗa kan iyakar yankin tarihi. An yi ta ne don mai kai kaya ya san inda zai nufa, shi ke nan.

Waccan mai 21 ta akwatin gidan waya ce, sanduƙul barid. A da wasiƙa ba ta zuwa ƙofar gida, akwati mutum ke kamawa a ofis, lambar kuma ta ofishin ce, ko da gidansa na wata unguwa. Ta yanzu ita ce ta wurin da ginin yake tsaye: lambar gini mai alƙaluma 4, sunan titi, unguwa, gari, lambar gidan waya mai alƙaluma 5, da ƙarin lamba mai 4. Akwai kuma gajeren adireshi, haruffa 4 da alƙaluma 4. Alƙalamin farko na yanki ne, shi ya sa Jidda da Makka duk da 2 suke farawa, Riyad da 1. Gidanku bai gusa ko taku ɗaya ba, tsarin ne ya canza.

Haratul Yaman kuwa tsohon rabo ne na zamanin ganuwa, kafin a rushe ta a 1947. Hara, wato unguwa, huɗu ne: Sham, Mazlum, Yaman da Bahar. Yau duk suna cikin Balad, don haka sakki da waya ba su yi saɓani ba.

Baba Mu'allim:

'Yata, sannu da ɗawainiya. Na girmi mahaifinki ko mu yi sa'a, kuma da hannun nan na yi aikin mangabi har gwiwa ta hana ni hawa tsani. Bari in fara da simintin kawunki, don shi ya fi damuna.

Mangabi dutse ne mai laushi, mai ƙofofi kamar soso. Yana shan danshi daga ƙasa, ruwan ƙasan Balad kuma kusa yake, ga gishiri. Magabata da nura suke shafe shi, wato farar ƙasa, saboda tana barin bango ya fitar da danshinsa. Siminti toshe shi yake yi. Ruwan ya rasa hanya, sai ya hau sama ta ciki, gishirin ya riƙa cin dutsen a ɓoye har ya zama gari. Ta waje ki ga bango sumul, ki ƙwanƙwasa ki ji kamar ganga. Kawunki bai yi da mugun nufi ba, a lokacin kowa haka yake yi, har da ni, Allah ya yafe mana.

Ki duba katakon da aka jera kwance cikin bango, kusan kowace mita ɗaya. Takalil muke ce masa. Shi ke raba nauyi, shi ya sa ake iya tokare sama a cire dutsen da ya mutu a ƙasa a sa sabo, gida na tsaye. In gara ta cinye shi a bangon kudu, to shi ne dalilin cikin da ya yi. Ki hau soro ki ga ko akwai tankin ruwa. In akwai, a zubar da ruwan yau, ba gobe ba. A kashe wutar gidan daga mita, tsofaffin wayoyi sun ci gidaje da yawa a Balad.

Roshan kuma kar a yarda kafinta ya ce zai cire ya yi sabo. Tsohon katakon nan da jiragen ruwa suka kawo daga Indiya da Jawa, ba za ki same shi a kasuwa ba.

Ummu Hauwa, Ruwais:

Ƙanwata, mun bi hanyar nan da gidan surukaina. Iyakar da ta shafe ki ita ce ta taswirar yankin tarihi. UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, amma tsakiyar da aka yi wa rajista ba ta kai hekta 18 ba, sai wani yanki mai faɗi da ya kewaye ta don kariya, shi ma da ƙa'idojinsa. Shirin Jidda ta Tarihi, ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, shi ke kula da wurin, ba a taɓa tsohon gini sai da amincewarsu. Su za ki fara tambaya, ki ba su gajeren adireshin su duba. Tun wajen 1980 aka raba gidajen tarihi aji uku, ki tambayi ajin naku.

Amma kafin nan ki gyara takardunki: hasrul warasa, wato takardar ƙididdige magada, wakala daga sauran goman, sannan a mayar da sakkin na kwamfuta. Tsofaffin sakkoki da kamu suke awo, iyaka kuma "gabas gidan wane", wanen da ya rasu tun tuni, don haka sai maktab handasi, wato ofishin injiniyoyi, ya zo ya auna. Ki karanta da kyau ko akwai kalmar hikir. In akwai, ginin naku ne amma filin na waƙafi ne, sai an sa naziri, mai kula da waƙafin, a maganar. Umdan hara, wato mai unguwa, zai taimaka wajen gano maƙwabtan da aka ambata.

Jikar Mai Siriya:

Allah ya saka muku da alheri. Baba, na aika ƙanena ya hau soro, tanki biyu ya tarar, ɗaya cike, ya zubar. Ya ce katakon bangon kudu yatsa na shiga cikinsa. Yaya Ummu Hauwa, na karanta sakkin sau uku da tabarau, babu hikir, alhamdu lillahi. Ɗan kwangila na ce masa ya dakata, har yanzu bai amsa ba.

Saura wakala. Tara sun yarda. Gwaggona da ke Madina ta ce ba za ta sa hannu ba sai an yi mata alkawarin ba za a taɓa ɗakin da aka haife ta ba, ɗakin kuma shi ne ke jingine da bangon kudu. Baba, in an tokare shi kamar yadda ka ce, sai an fasa daɓen ɗakin, ko ta waje ake shiga?